Kebul, Xender, FTP ko Memori: Wace Hanya Ta Fi Wajen Kwaso Fayil Daga Waya Zuwa Kwamfuta a Ƙauye?

Duk wanda ya ajiye kwamfuta da firinta a ƙauye, ko a shago ne ko a zauren gidansu, ya san yawancin aikin da ake kawo masa yanzu a cikin waya yake zuwa. Wannan takardar NIN ce, wancan sakamakon NECO ne da yayansa ya turo masa daga Dutse, ga mai katin ɗaurin aure, ga sakataren ƙungiyar manoma da jerin sunaye. Bugawar ba ta cin minti biyu. Abin da ke cinye lokaci shi ne raba takardar da wayar ta shiga kwamfuta. An jona, waya tana caji, kwamfuta ta yi gum, mai aiki yana tsaye yana duban babur ɗin da zai mayar da shi gida.

Hanyoyin da muke da su a nan yankin Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar su ne dai na ko'ina: kebul, Xender da danginsa, FTP (wata hanyar tura fayil tsakanin na'urori biyu da ke kan layin sadarwa ɗaya), Bluetooth, memori ko filashi, sai WhatsApp. Mutumin birni zai tambayi wacce ta fi sauri, don in ta ƙi, mai gyara yana bakin layinsu. Mu da sai mun hau mota zuwa Farm Centre ko titin Beirut a Kano kafin mu sami wanda ya san ciwon kwamfuta sosai, ma'auninmu daban ne: in hanyar ta ƙi, a wurare nawa matsalar za ta iya ɓuya, kuma zan iya gano ta da kaina ba tare da intanet ba? Da wannan zan auna su.

Kebul ya fi kowa sauri, kuma shi ya fi shan zargin da bai ji ba bai gani ba. Kebul na USB na gaskiya wayoyi huɗu ne a cikinsa, biyu na wuta, biyu na saƙo. Da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa da tocila, rediyo mai memori ko fawa-banki biyun wuta kaɗai aka sa musu don rage kuɗi, kuma daga waje ba ka isa ka bambance ba. Irin wannan zai yi caji lafiya lau har ranar da ya tsinke, amma ko harafi ɗaya ba zai taɓa wucewa ta cikinsa ba. Alamarsa ita ce kwamfuta ba ta yi ƙarar nan ta shigar sabon abu ba, wayar kuma ba ta nuna komai ba sai caji. In ka ga haka kada ka taɓa saitin komai, sauya kebul tukuna. Wanda ka gwada ya yi aiki, ƙulla masa zare ko salatif, ka hana shi zuwa wajen masu caji, don in ya je ba shi zai dawo ba.

In kebul ɗin mai kyau ne, abu na biyu shi ne izinin wayar. Tun Android 6 da ta fito a 2015, waya ba ta buɗe cikinta ga kwamfuta haka kawai. Sai an cire mata makulli, a jawo sanarwa daga saman allo, a taɓa ta USB, a zaɓi "File transfer". Kafin nan kwamfuta ko dai ba ta ga wayar ba, ko ta nuna sunanta amma ka buɗe ka tarar da wayam. A nan ake shan fama da dattawa. Ka ce, "Baba, a ɗan buɗe mini wayar," ya ce, "Ai yaron nan ne ya sa mata lamba, yana gona." To babu dabara, sai yaron nan ya dawo. Haka wayar da gilashinta ya fashe har ba ta jin yatsa, kebul ba zai fisshe ka ba.

Na uku bakin caji ne. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna taruwa a can ciki su dunƙule, kebul ya kasa zama daram. Wuta tana iya wucewa a hakan, saƙo ya riƙa yankewa da ƙaramin motsi. Kashe wayar, ka sa tsinken sakace ka tono a hankali, ban da allura. Akwai kuma wayar da aka taɓa canza mata bakin caji, mai gyaran ya liƙa ƙafafun wuta kaɗai tun da caji aka ce masa ya lalace. Ita wannan ko kebul goma ka gwada ba za ta yi ba, shi ya sa yana da kyau ka tambayi mai ita ko ta taɓa zuwa gyara. Ta ɓangaren kwamfuta ma ka sauya rami. A kwamfutar tebur ramukan baya sun fi na gaba aminci, domin na gaba da wata 'yar waya aka jawo su, kuma a tsofaffin injuna sau da yawa ta saki.

Sai an wuce waɗannan ukun ake zargin Windows. Buɗe Device Manager, in ka ga sunan wayar da alamar rawaya a gefensa, direbanta, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, shi ne bai zauna ba. Ka zaɓi sabunta direba daga jerin da ke cikin kwamfutar, ka ɗauki "MTP USB Device", ba ya bukatar data. Wani abin da ba kowa ya sani ba: akwai Windows da aka yi don kasuwar Turai mai harafin N a ƙarshen sunanta, kamar Windows 10 Pro N. An cire mata kayan sauti da bidiyo, kuma hanyar da waya ke magana da kwamfuta tana cikin abin da aka cire. Tun da kwamfutocinmu yawanci na hannu ne daga can, duba sunan Windows ɗinka. In da N, sai ka sauko da Media Feature Pack na Microsoft sau ɗaya a inda sabis yake da ƙarfi.

Ka lura duk matsalolin nan huɗu ana bin su ɗaya bayan ɗaya, uku daga ciki da hannu ake gyara su. Wannan ne ya sa na fifita kebul. Yana da wata falala kuma: waya ba ta shiga kwamfuta a matsayin filashi mai harafi irin E ko F, don haka bairos ɗin nan mai mayar da folda gajeriyar hanya ba ya samun yadda zai yi tsalle cikin sauƙi. Aibinsa shi ne aiki ɗaya yake yi a lokaci guda, kuma in ka buɗe foldar da hotuna dubbai suke ciki, za ka yi ta kallon koren layi yana rarrafe. In takardar ta WhatsApp ce kuma ka nemi foldar ka rasa, daga Android 11 an mayar da ita cikin Android, sannan media, sannan com.whatsapp. Masu iPhone, kebul hotuna da bidiyo kawai zai nuna maka bayan mai ita ya danna "Trust", takardar PDF ba za ta fito ta nan ba, hotunan ma sukan zo a tsarin HEIC da tsohuwar Windows ba ta buɗewa.

Xender kowa ya iya shi tsakanin waya da waya, har yaran da ba su gama firamare ba. Tsakanin waya da kwamfuta ne ake samun tangarɗa. Yadda yake aiki ba tare da data ba shi ne wayar ta kunna hosfot, kwamfuta ta shiga ta Wi-Fi, sannan ka rubuta adireshin da wayar ta nuna, mai farawa da 192.168, a burauza. Bidiyon megabait 500 da kebul zai kwashe cikin ƙasa da minti ɗaya, nan zai ɗauki 'yan mintuna. Ba laifi. Matsalar ita ce in ya ƙi, burauza magana ɗaya take yi, wai ba a iya kaiwa ga shafin ba, alhali dalilan sun kai shida.

Kwamfutar tebur yawanci ba ta da Wi-Fi sam. Ta cinya tana da shi, amma tsofaffin HP da Dell suna da maɓalli ko makunni a gefe da ake kashewa bisa kuskure. In sunan hosfot ɗin bai fito ba alhali na wasu suna fitowa, wayar ce ta kunna shi a kan 5GHz, tsohon katin Wi-Fi kuwa 2.4GHz kaɗai yake gani, sai a shiga saitin hosfot a sauya. In ya haɗu, Windows za ta rubuta cewa babu intanet, wanda daidai ne, amma in akwai MiFi ko wata wayar da kwamfutar ta sani a kusa, tana iya sulalewa ta koma can ba sallama, aiki ya tsaya a tsakiya. Adireshin ma sai an rubuta shi cif, har da lambar da ke bayan ɗigo biyu. Tsofaffin Android kusan kullum 192.168.43.1 suke bayarwa, har mutane suka haddace, sababbi kuwa canzawa suke yi, don haka na jiya ba lallai ya yi yau ba. Sai VPN. Tun lokacin da aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 samari suka saba da shi, wasu kuma don neman data ta ɓagas. In yana kunne a waya ko a kwamfuta yakan karkatar da hanya, na'urori biyu suna kan tebur ɗaya su kasa ganin juna. Na ƙarshe mai tsimin batir ne: allo na mutuwa, wayar ta kashe manhajar a bayan fage. Tecno, Infinix da Itel, waɗanda duk kamfanin Transsion ne ke yin su kuma su suka cika aljihunmu, suna da zafin hannu a wannan. Bar allon a kunne har a gama.

Ko ɗaya daga cikin shidan nan ba mai wuya ba ne. Wahalar ita ce babu mai gaya maka wanne ne, sai ka bi su da lalube, kuma kowace sabuwar waya da aka kawo daga farko za ka sake. Google yana da Quick Share na Windows da ya rage wannan laluben, amma yana son Windows 10 ko 11 mai 64-bit da Bluetooth da Wi-Fi duka suna aiki, sharaɗin da kwamfutoci da dama a ƙauyukanmu ba su cika ba.

FTP tsoho ne, tun 1971 ake amfani da shi, kuma a kan hanyar Wi-Fi ɗin nan ɗaya yake tafiya, don haka duk abin da na lissafa a sama yana iya kama shi. Abin da ya fi Xender da shi baki ne: yana faɗin inda yake masa ciwo. Wayoyin Redmi suna zuwa da shi a cikin manhajar fayil, sauran kuma akwai ƙananan manhajoji da ake sakawa. Ka kunna, wayar ta ba ka adireshi mai farawa da ftp, ka rubuta a File Explorer ko a FileZilla, manhajar kwamfuta ta kwaso fayil ta FTP. Kada ka sa shi a Chrome ko Firefox, dukansu sun daina karɓar FTP tun 2021, kuma mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa abin ba ya aiki.

Saƙonnin FileZilla da Turanci suke, amma huɗu kawai za ka riƙe. "Connection timed out" na nufin kwamfuta ta yi kira ba a amsa ba: ba hanya ɗaya suke kai ba, ko adireshin ya canza, ko wayar ta yi barci. "ECONNREFUSED" albishir ne a fakaice, don an isa wayar, ƙofar da aka buga ce ba ita ba. Ƙofar FTP ta asali lamba 21 ce, amma Android ba ta barin manhaja ta riƙe lambar da ke ƙasa da 1024, shi ya sa suke amfani da irin 2121 ko 2221. In ka bar gurbin lambar babu komai, FileZilla 21 zai nufa. Lamba 530 suna ne ko kalmar sirri ba daidai ba. Na huɗun shi ya fi rikita mutane: an shiga lafiya, an karɓi suna, sai a ce "Failed to retrieve directory listing". Dalili shi ne FTP layi biyu yake buɗewa, ɗaya na magana ɗaya na kaya, kamar cinikin shanu a Maigatari ranar Alhamis, a kara ake sallamawa amma lodi a wani wajen ake yi. An gama magana, hanyar lodi ce a toshe, galibi katangar tsaron Windows ce ta hana wayar shigowa. Ka sa FileZilla a kan "Passive", kwamfutar ce za ta fita ta ɗauko da kanta, katanga ba ta hana fita.

Duk da haka ba zan ba mai shago shawarar FTP don wayoyin mutane ba. Wa zai tsaya kana saka masa sabuwar manhaja saboda takarda ɗaya? Amma malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin ƙauye da kullum wayarsa ɗaya kwamfutarsa ɗaya, musamman in bakin cajin wayar ya fara sanyi, ya saita shi sau ɗaya ya huta. Ya dai sa wa hosfot ɗinsa kalmar sirri, domin FTP ba ya lulluɓe abin da yake ɗauka.

Bluetooth ba shi da dogon bayani. Saurinsa bai wuce kilobait 200 ko kusa da haka a daƙiƙa ba, wato hoto ɗaya cikin daƙiƙa goma sha wani abu, bidiyon megabait 500 kuwa sai ka yi kusan minti 40. Abin da ke hana shi aiki kusan kullum ɗaya ne: Windows ba ta karɓa sai ka fara buɗe "Receive files" ka bar shi yana jira, sannan a tura. In ka rasa inda yake, danna maɓallin Windows da R ka rubuta fsquirt. Amfaninsa ƙananan wayoyi masu madannai, da hoton fasfo guda. iPhone ba ta tura wa Windows fayil ta nan.

Memori da filashi su ne hanyar da babu haɗi a cikinta balle ya yanke. Ka zare memori ka sa a kad-rida, ko ka jona filashi a wayar da ɗan kan OTG mai haɗa filashi da bakin cajin waya, ka kwafa, ka kai kwamfuta. Ga wayar da gilashinta ya mutu, memori ne kaɗai abin da za ka iya ceta a take. Sai dai haɗarinsu ya fi na sauran muni, domin su in sun ɓaci kaya ne ke salwanta. Memorin da aka haɗe da ma'ajiyar waya a kulle yake, kwamfuta ba za ta karanta shi ba, za ta ce a yi masa "format". Wanda ya danna eh ya share hotunan sunan 'ya'yan mutane da karatun malamai na shekaru, kuma ba haƙurin da zai dawo da su. Filashin da ke kan tsarin ajiya na FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4 ko da sarari ya yi yawa, wanda ke kan NTFS kuma wayoyi da yawa ba sa iya rubutu a kansa, exFAT ne ya fi dacewa da ɓangarorin biyu. Wasu wayoyin sai an kunna OTG a saiti kafin su ga filashin. Ga jabun memori da aka rubuta wa 64GB alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, yana karɓar kaya ba musu, ranar buɗewa a tarar duk sun lalace. Uwa uba bairos: filashin da ya zaga shaguna uku ranar kasuwa, da wuya ya dawo shi kaɗai.

WhatsApp kuwa ya dogara da sabis, kuma mun san yadda sabis yake da zarar an bar bakin titi, ko ranar kasuwa da jama'a suka yi wa eriya ɗaya yawa. Yana matse hoto, takardar da aka ɗauka da kyamara ta fito dishi-dishi a firinta, sai an tura ta a matsayin "Document", wanda tun 2022 yake ɗaukar har gigabait 2. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a haɗa WhatsApp ɗin mai aiki da kwamfutar shago. Hajiya ta tafi gida, hirarta da 'ya'yanta tana nan a buɗe a gaban duk yaron da ya zauna. Ta turo wa lambar shago, shi ke nan.

Wuta ma tana da hannu a zaɓin. Inda layin KEDCO bai kai ba, ko ya kai amma sai an ga dama, janareta da sola ne. In cajar kwamfuta ba ta da waya ta ƙasa, kana jona waya da kebul sai allonta ya haukace, yana danna kansa, ka kasa zaɓar "File transfer". Zare cajar kwamfutar, allon zai natsu. In batirin kwamfutar ya mutu ba ta zama sai da caja, to Wi-Fi ya fi maka. Kuma kowace hanya ka bi, kwafa ("Copy") za ka yi, kada ka yanke ("Cut"). Mai ya ƙare a janareta ana tsakiyar yankewa, sai a yi biyu babu.

Ga mai shago, abin da na ga ya fi shi ne a haɗa biyu. Ka ware waya ɗaya ta shago, ko tsohuwa ce, da kebul ɗinta mai zare da ka tabbatar kwamfutarka ta san su. Duk wanda ya zo, ya turo wa wannan wayar ta Xender, ko Bluetooth in ƙaramar waya ce, ko WhatsApp in daga nesa ne. Kai kuma ka shigar ta kebul. Waya ɗaya ce tak take taɓa kwamfutarka, don haka babu neman direba, babu jiran yaron da ya tafi gona da lamba a kansa in dai wayar tana buɗe a hannun mai ita, kuma abin da mutum ya zaɓa da hannunsa kaɗai kake gani, ba dukan hotunan iyalinsa ba. Kad-rida ka ajiye shi a durowa don wayar da ta fashe. Mai ɗaukar bidiyon biki da fayilolinsa ke kai gigabait da yawa, shi kebul kai tsaye ko filashi mai exFAT ne nasa, Wi-Fi zai gasa wayar a zafin Afrilu kafin a kai rabi.

Mai kwamfutar tebur da yake son ƙara Wi-Fi ko Bluetooth, akwai 'yan ƙananan na'urori da ake cusawa a ramin USB. Kafin ka biya, gaya wa mai shagon wace Windows gare ka. In 7 ce, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, yawancinsu ba za su tashi da kansu ba, don haka ka sa ya zuba maka direban a filashi tun kana Kano, domin faifan da ke cikin kwalin ba kowace kwamfuta ce ke da inda za a sa shi ba.